AIKIN CIRE KITSEN KUMATU: YADDA JINYARSA TAKE DA ABIN DA KAN BIYO BAYA

A cikin 'yan shekarun nan akwai wani aikin tiyata da ya yi tashe a ƙasashen Barazil da Amurka, har labarinsa ya game duniya ta hanyar wayoyin hannu, watau aikin cire kitsen kumatu. Abin da masu zuwa a yi musu shi ke nema shi ne kumatunsu su ɗan lotsa, ƙashin kunci ya fito fili, fuska ta tashi daga zagayayya ta koma mai tsawo, irin ta matan nan da ake ɗauka hoto don tallan tufafi. Ga Bahaushe wannan al'amari ne mai ɗaure kai, domin a wurinmu cikar kumatu alama ce ta hutu da ƙoshin lafiya, kuma in aka ce wa mutum kumatunsa sun faɗa, to jaje ne ake yi masa, abin da zai biyo baya kuwa shi ne a tambaye shi ko ya kwanta ciwo ne. To amma kowace ƙasa da irin mudun da take auna kyau da shi. Tun da yake kuma hotunan waɗanda aka yi wa aikin suna shigowa hannun ɗalibanmu da matasan ma'aikatanmu dare da rana, ga shi kuma asibitocin gyaran jiki suna daɗa yawa a Legas da Abuja, ya kyautu mai karatu ya san abin da ake yankawa, da yadda ake jinya, da kuma abin da kan faru in aiki ya ɓaci.

Masu tallan aikin sukan ce ba ya ɗaukar fiye da rabin sa'a zuwa sa'a guda, ba ya barin tabo a fuska, kuma mutum na iya komawa ofis bayan 'yan kwanaki. Duk wannan gaskiya ne ga yawancin mutane. Sai dai akwai abu biyu da ba su cika tsayawa a kansu ba. Na farko, wurin da ake sa wuƙar mahaɗa ce ta bututun yawu da jijiyoyin motsa fuska da jijiyoyin jini, dukansu a cunkushe cikin ɗan ƙaramin fili. Na biyu, kitsen da aka cire ba ya sake tsirowa, kome daɗewa, kome kuma ƙibar da mutum zai yi daga baya.

Kitsen da yunwa ba ta ci

Kitsen da ake magana a kansa daban yake da wanda ke kwance a ƙarƙashin fata, wanda mutum ke iya tsunkula da yatsu. Wani curi ne da ke can ciki, ɗaya a kowane kunci, lulluɓe cikin 'yar siririyar jakarsa, a tsakanin tsokoki biyu: babbar tsokar tauna, wadda ke tasowa idan mutum ya cije haƙora, da tsokar bangon kunci, wadda mai algaita ke cikawa da iska in zai yi busa. Wani likita Bajamushe mai suna Lorenz Heister ya ambace shi tun a ƙarni na 18, amma ya ɗauke shi ɗaya daga cikin maɓuɓɓugan yawu. Sai a farkon ƙarni na 19 Bafaranshen nan Xavier Bichat, wanda ya rasu a 1802 yana da shekara 30 kacal, ya bayyana cewa kitse ne tsantsa. Shi ya sa har gobe likitoci ke kiransa curin Bichat, kuma daga sunan nasa ne mutanen Barazil suka raɗa wa aikin suna, suke ce masa bichectomia.

A shekarar 1990 wani likitan tiyata na Amurka, James Stuzin, da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi a jikin gawawwaki, inda suka sami cewa a matsakaici girman curin mililita 9.6 ne, nauyinsa kuma giram 9.3. Watau kimanin cikin cokalin shayi biyu ke nan, ko girman ɗan ƙaramin goro. Yana da uwa a tsakiya da rassa huɗu. Wani reshen ya hau sama ta ƙarƙashin ƙashin kunci har zuwa gefen goshi, wasu sun nutsa can bayan muƙamuƙi, ɗaya kuma ya gangaro cikin kuncin sosai. Wannan na ƙarshen, tare da ɗan sashen uwar, shi ne ake cirewa.

Duk wanda ya lura da jariri a lokacin shan mama ya ga aikin wannan kitse, domin shi ne ke tokare kumatun kada su lotsa ciki sa'ad da yake tsotso. A jikin babba kuwa zaman matashi yake yi tsakanin tsokokin tauna, don su riƙa zamewa a kan juna ba tare da guga ba. Abin mamaki game da shi shi ne ba ya bin ƙiba da rama yadda sauran kitsen jiki ke yi. Mutum zai yi doguwar jinya, ya rame har haƙarƙarinsa su fito, amma a tarar da curin nan yana nan kusan yadda yake. Wannan ce hujjar masu aikin, domin sukan ce rage abinci da motsa jiki ba za su taɓa shi ba, sai wuƙa. A ganina kuwa, abin da jiki ya ƙi taɓawa ko a lokacin yunwa ya cancanci a yi dogon tunani kafin a miƙa shi ga almakashi.

Aikin kansa ba sabo ba ne. An bayyana shi a mujallun likitoci tun 1980, kuma a 1991 Dokta Alan Matarasso na birnin New York ya rubuta a kan cire shi don gyaran tsakiyar fuska. Amma ya daɗe yana ƙaramin aiki da ake haɗawa da wasu. A Barazil ne ya fara zama abin yayi a tsakiyar shekarun 2010, inda likitocin haƙori suka shiga yin sa gadan-gadan, wasu da hujjar cewa yana taimakon masu yawan cizon cikin kuncinsu. A 2019 Majalisar Likitocin Haƙori ta ƙasar ta fitar da ƙuduri mai lamba 198 wanda ya sa shi cikin ayyukan da ƙwararrun 'ya'yanta za su iya yi, ƙungiyoyin likitoci kuma suka ƙi yarda, har magana ta kai kotu. A Amurka kuwa, a watan Satumba na 2021 wata fitacciyar mai tallan tufafi, Chrissy Teigen, ta faɗa da bakinta a Instagram cewa an yi mata shi. Kafin ƙarshen 2022 zancen ya cika TikTok da manyan jaridun ƙasar, ana ta nuna hotunan 'yan wasa ana cacar baki a kan wa aka yi wa, wa ba a yi wa ba.

A ɗakin tiyata

Galibi allurar kashe zafi ake yi a cikin kuncin, mutum yana farke, ko da yake wasu sukan zaɓi a ba su abin da zai kwantar musu da hankali, ko allurar barci gaba ɗaya in za a haɗa da wani aikin. Likita zai fara neman wata 'yar ƙofa da ke cikin kunci daura da turmi na biyu na haƙoran sama, domin nan ne bakin bututun yawu, kuma wajibi ne ya kauce masa. Sa'an nan ya yi ɗan yanka da bai cika wuce santimita ɗaya ko biyu ba, ya buɗa zaren tsokar bangon kunci a hankali, ya ɗan danna kuncin ta waje. Sai kitsen ya leƙo da kansa, rawaya, mai santsi kamar man shanu. Abin da ya fito cikin sauƙi shi ake yankewa, yawanci mililita 3 zuwa 5 a kowane gefe, a ƙone bakin jijiyoyin jini, a ɗinke da zare mai narkewa. Mai karatu zai lura cewa abin da ake cirewa bai cika wuce cikin cokalin shayi ɗaya ba. Ƙwarewar likita a nan tana ga sanin inda zai tsaya, domin kitsen yana ta biyowa muddin ana ja, kuma yawancin ɓarnar da ake samu daga ja da ƙarfi da zurfafa hannu take fitowa.

Kwanakin jinya

Abu na farko da ke girgiza mai jinya shi ne madubi. Ya je ne don fuska ta ragu, sai ya wayi gari ta fi da cika, kamar wanda hangum ya kama. Wannan kumburi ne na al'ada, yakan kai ƙarshen hawansa a rana ta biyu ko ta uku, daga nan ya soma sauka. Abin da ake yi masa shi ne a naɗe ƙanƙara cikin tsumma mai tsabta a riƙa ɗorawa a kuncin na 'yan mintoci ana hutawa, cikin kwana biyu na farko, a kuma kwanta da kai a sama bisa matashi biyu ko uku. Wasu likitoci sukan ɗaure fuskar da wani ɗamara mai matsewa daga haɓa zuwa ka. Zafin ba ya cika tsanani. Yawancin mutane sukan kwatanta shi da na cire haƙori, kuma maganin ciwo na yau da kullum yakan wadatar, muddin likita ne ya zaɓa, domin irin su asfirin suna tsinka jini.

Wahalar gaske a makon farko tana wajen ci. Rauni ne a cikin baki, wurin da ba ya bushewa kuma ba ya rabuwa da ƙwayoyin cuta, ga shi kuma ta nan kowace loma za ta wuce. Saboda haka a kwanakin farko abin sha ne kawai, mai sanyi ko mai ɗumi-ɗumi, daga baya a koma ga abinci mai taushi. In a ƙasarmu ne, sai a ce koko da kunu da aka tace sosai, da kindirmo, da romo marar yaji, sa'an nan dafaffen ƙwai da dankalin da aka dama. Fura mai tsaki, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da kilishi, da tsire, da goro, duk sai su jira, domin ɓarɓashinsu yakan maƙale a bakin ɗinki, taunarsu kuma tana wahalar da tsokar da aka taɓa. Ba a shan abu da bututun zuƙa, domin zuƙar tana iya tayar da gudan jinin da ya toshe raunin. Bayan kowane ci sai a kurkure baki a hankali da ruwan maganin da likita ya bayar, ko ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ba tare da cika kumatu ana wujijjiga ruwan ba. Goge haƙora yana nan daram, sai dai da buroshi mai taushi, a kuma kiyaye wajen ɗinkin.

Taba sigari da shisha su ne manyan abokan gaban wannan jinya, domin suna matse ƙananan jijiyoyin jini, raunin ya rasa abin warkewa. Haka kuma ba a son ɗaukar kaya masu nauyi, ko gudu, ko yawan sunkuyo na mako ɗaya zuwa biyu, don kada jini ya hau ya ɓalle. Busa balan-balan ko cika kumatu da iska ma an hana, domin iskar tana iya kutsawa ta raunin ta shiga ƙarƙashin fata, kuncin ya kumbura, in an taɓa a ji yana ƙaras-ƙaras.

Mai aikin tebur yakan iya komawa ofis cikin kwana uku zuwa mako guda, in bai damu da tambayoyin abokan aiki ba. Malamin makaranta ko mai karanta labarai, wanda sana'arsa magana ce, ya fi buƙatar hutu. Zaren ɗinki yakan narke cikin mako ɗaya zuwa biyu, babban kumburin kuma yakan tafi cikin mako biyu zuwa uku. Amma ainihin kamannin da aka biya kuɗi dominsu ba sa bayyana sai bayan wata uku zuwa shida, sa'ad da ragowar kumburin ciki ya janye, naman kuma ya zauna cikin gurbin da aka bari. A wannan tsakani ne wasu ke kasa haƙuri, su koma wurin likita a mako na huɗu suna cewa ba a cire da yawa ba, a ƙara. Likitan kirki yakan ce musu su je su dawo.

In aiki ya ɓaci

Zubar jini ita ce matsalar da ke fara zuwa, sau da yawa cikin sa'o'in farko. Ɗan jini-jini a cikin yawu ba abin damuwa ba ne. Abin tsoro shi ne kunci ɗaya ya tashi da sauri ya bar ɗan'uwansa, ya yi tauri, ya riƙa zogi, fatar ta soma canja launi. Wannan alama ce ta jini yana taruwa a cikin gurbin, kuma ba a kwana da shi. Sai an koma an buɗe, an kwashe, an kama jijiyar. Rassan kitsen na can ciki suna maƙwabtaka da manyan jijiyoyin jini na bayan muƙamuƙi, in kuwa aka finciko su, jijiyar da ta tsinke takan koma ciki inda hannu ba ya kai wa. An taɓa ba da rahoton wanda sai da aka zura siririn bututu ta cikin jijiyar jini aka toshe ta daga ciki kafin jinin ya tsaya. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya nuna cewa aikin ba na ɗakin kwalliya ba ne.

Shigar ƙwayoyin cuta kuwa takan bayyana ne daga baya, kamar rana ta uku zuwa ta bakwai. Alamarta mai sauƙin ganewa ce: zafin da ya soma raguwa sai ya dawo yana ƙaruwa, kuncin ya yi ja da ɗumi, baki ya riƙa wari, a ji ɗanɗanon mugunya, zazzaɓi ya kai 38 a ma'aunin zafin jiki ko ya wuce. In an yi hanzari maganin kashe ƙwayoyin cuta yakan isa, in kuwa mugunya ta taru sai an tsaga. Dalilin da ya sa ba a sakaci da shi shi ne gurbin kunci yana da hanyoyi zuwa wasu guraben na ƙarƙashin muƙamuƙi da wuya. Duk mai jinyar da ya ga haɗiya tana gagararsa, ko numfashi yana yi masa wuya, to asibiti ne nan take, ko da tsakar dare ne. Masu ciwon sukari da masu shan taba sun fi kowa shiga wannan hatsari.

Sai bututun yawu, wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Babbar maɓuɓɓugar yawu tana gaban kunne, ita ce ke kumbura in yaro ya kamu da hangum, kuma tana aiko da yawunta zuwa baki ta wani bututu mai tsawon kimanin santimita 5, wanda kaurinsa bai wuce na tsinken tsintsiya mai kauri ba. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Niels Stensen, shi ya gano shi a 1660 sa'ad da yake feɗe kan tunkiya, har yau kuma da sunansa ake kiransa. Bututun yana ratsawa ta jikin curin kitsen nan kafin ya huda tsokar kunci ya shiga baki. In wuƙa ta yanke shi, ko ɗinki ya shaƙe shi, ko zafin abin ƙona jijiya ya taɓa shi, sai yawu ya rasa hanya ya riƙa taruwa cikin naman kunci. Mai jinya zai ga wani kumburi mai laushi wanda ke ƙaruwa duk lokacin da ya zauna cin abinci, ko ma ya ji ƙamshin miya. Gyaransa yana da cin rai: a zuƙe ruwan da allura sau da yawa, a ɗaure da matsi, a ba da maganin rage yawu ko a yi wa maɓuɓɓugar allurar Botox don ta huta, wani lokaci kuma sai an sake tiyata an zura ɗan bututun roba an haɗa bakin da ya rabu.

Wanda mutane suka fi tsoro shi ne taɓa jijiyar motsa fuska. Wannan jijiya tana fitowa ta ƙarƙashin kunne ta rabu manyan rassa biyar, kuma rassan da ke motsa kunci da leɓen sama suna bi ta kan jakar kitsen nan. In aka taɓa su, murmushi yakan karkace, gefen leɓe ya ƙi ɗagawa, mutum ya kasa yin fito, abinci ya riƙa taruwa tsakanin kunci da dasashi. A ranar aiki irin wannan na iya zama aikin allurar kashe zafi ne kawai, ya wuce cikin sa'o'i. In kuwa ja ko matsi ne ya gajiyar da jijiyar, takan farfaɗo cikin makonni ko 'yan watanni, kuma an yi sa'a rassan wannan yanki suna da mahaɗai da juna, ta yadda wani kan ɗauki aikin wani. Shanyewa ta dindindin ba ta da yawa, amma tana aukuwa, kuma ita ce asarar da ta fi kowace ɗaci ga wanda lafiyarsa ƙalau ya shiga ɗakin. Akwai kuma wata jijiyar dabam, ta ji, wadda in an taɓa ta cikin kuncin kan yi dundum kamar ba na mutum ba, har ya riƙa cizonsa bai sani ba.

Ƙagewar muƙamuƙi ta fi waɗannan duka yawa, ta kuma fi su sauƙi. Lafiyayyen baki yakan ɗauki yatsu uku a jere a tsaye. Bayan aikin wani da ƙyar yake shigar da biyu. Yakan saki cikin mako ɗaya zuwa biyu da gashin ruwan ɗumi da motsa baki a hankali. In ya ƙi saki, ko ya riƙa ƙaruwa, to a nemi mugunya ko taruwar jini a ciki.

Rashin daidaiton ɓangarorin biyu ma yana cikin abin da ake kuka da shi. A makonnin farko kumburi ne kawai ke sauka a gefe ɗaya kafin ɗaya. Amma in wata shida ya wuce ana nan, to ko dai an cire fiye a wani gefe, ko kuwa tun asali fuskar ba daidai take ba, kamar yadda ta kowa take, kitsen ne ke rufe bambancin.

Game da yawan aukuwar waɗannan matsaloli, a 2018 wasu likitocin haƙori, yawancinsu 'yan Barazil, sun tattara abin da aka buga a mujallu game da aikin. Cikin mutum 71 da bayaninsu ya cika, kimanin 8 cikin 100 ne suka sami matsala, kuma ƙanana ne. Wannan adadi yana kwantar da hankali, sai dai mutum 71 ba su da yawa in aka dubi ɗimbin waɗanda aka yi wa aikin, kuma likitan da aikinsa ya ɓaci ba ya gaggawar kai labarin mujalla. Abin da ya fi muhimmanci cikin rahoton nasu shi ne sun lura babu binciken da ya bi waɗannan mutane shekara da shekaru don ganin yadda fuskokinsu suka tsufa.

Fuskar shekara hamsin

Nan ne kuwa gardamar take. Fuskar ɗan Adam tana ragewa da kanta. Cikar kumatun ƙuruciya takan soma janyewa tsakanin shekara 20 da 30 ba tare da an taɓa ta ba, daga nan kuma kitsen fuska ya ci gaba da raguwa yana zamewa ƙasa, ƙashi ya ɗan zaizaye, fata ta saki. A 2007 likitoci biyu na birnin Dallas, Rod Rohrich da Joel Pessa, sun nuna cewa kitsen fuska a ɗaki-ɗaki yake, kowane da bangonsa, kuma tun daga lokacin masu gyaran fuskar tsofaffi suka ƙara karkata ga mayar da cika inda ta tafi. Saboda haka abin da yarinya 'yar shekara 22 ke biya a cire mata, shi ne irin abin da mace 'yar shekara 55 ke biya a ƙara mata, wani lokaci ma a asibiti guda. Likitocin da ke ƙyamar aikin suna cewa lotsawar da ke da kyau a ƙuruciya za ta koma rami a tsufa, ta sa mutum ya yi kama da mai jinya. Masu goyon bayansa suna cewa in reshen kunci kaɗai aka rage, da awo, ga wanda ya dace, ba ya jawo tsufa da wuri. Kowane ɓangare yana da hotunan da zai nuna, amma wanda aka yi wa aikin a 2022 yana ɗan shekara 25 ba zai kai hamsin ba sai 2047. Daɗin daɗawa, magungunan rage ƙiba irin su Ozempic da suka bazu daga 2022 sun nuna yadda fuska ke zubewa in jiki ya rame da sauri, wanda kuwa ya riga ya ba da kitsen kuncinsa ba shi da abin da zai tare wannan zubewa.

Wani abin takaici shi ne da yawa daga masu faɗin fuska ba wannan curi ne sanadin faɗin ba. Wani tsokar taunarsa ce mai kauri, musamman mai cizon haƙora cikin barci, wani ƙashin muƙamuƙinsa ne mai faɗi, wani kitsen ƙarƙashin fata ne wanda rage ƙiba zai tafi da shi, wani ma kumburin maɓuɓɓugar yawu ne da ke buƙatar bincike na dabam. In aka cire wa irin waɗannan curin Bichat, faɗin yana nan, sai dai an ƙara masa rami a tsakiya. Shi ya sa wasu likitoci ke duba kuncin da na'urar hoton ciki kafin su yanke shawara, kuma sukan mayar da mai siririyar fuska, da wanda bai gama girma ba, da wanda fatarsa ta riga ta saki. Wanda duk ya ƙudura yin aikin a Nijeriya, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya tabbatar mai aikin yana da rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, ƙwararre ne a tiyatar fuska da baki ko tiyatar gyaran jiki, ya kuma tambaye shi wa zai amsa waya in kunci ya tashi da ƙarfe biyun dare. Ya kuma faɗi gaskiya in yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, ko yana shan maganin tsinka jini ko na gargajiya. Mai tafiya ƙasar waje don a yi masa ya tuna cewa mugunya da matsalar yawu sukan bayyana ne a daidai lokacin da ya riga ya hau jirgin dawowa.

In an yi nadama, gyaran da ake da shi iri biyu ne. Ko dai a riƙa yin allurar wani ruwa mai kauri da ke cike gurbi, wanda jiki ke shanyewa cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu, a sake biya, ko kuwa a ɗebo kitse daga ciki ko cinya a dasa a kuncin. Dasashen kitse wani kasonsa yakan narke, sau da yawa sai an maimaita, yana iya yin ƙulli-ƙulli, kuma yana bin ƙiba da rama, saɓanin na asali.

Akwai kuma wata asarar da madubi ba ya nunawa. A 1977 wani likitan tiyatar baki a ƙasar Holan, Peter Egyedi, ya nuna cewa ana iya jawo wannan curi, da jijiyoyin jininsa a haɗe, a toshe ramin da kan buɗe tsakanin baki da kogon ƙashin da ke gefen hanci. Tun daga nan ya zama abin da likitocin baki ke dogara da shi wajen rufe irin wannan rami bayan cire turmin sama, da cike gurbin da aka yanke ƙari, da gyaran tsagaggiyar ganɗa, da kuma sakin kuncin da ya ƙage a cikin masu tauna gauraye-gaurayen ganye da ƙwaya a Indiya. Amfaninsa shi ne yana kusa, yana da wadatar jini, kuma cikin 'yan makonni fatar baki takan rufe shi kamar can aka halicce shi. Wanda aka rage wa nasa don ado, in bayan shekara ashirin cire haƙori ya bar masa rami, likitan zai kai hannu wurin ya tarar an riga shi, kuma ragowar ba lalle ne ta isa jawowa ba, sai a nemi nama daga ganɗa ko wani wuri dabam.